Ƙaramin laburaren tsibiri da ya tuna min Ƙofar Mata

Asabar ɗin da ta wuce na ɗauki 'yata muka hau jirgin ƙasa mai lamba 6 har ƙarshen layi a Pelham Bay Park, daga nan bas Bx29 ta tsallaka gada da mu zuwa City Island. Ɗan tsibiri ne a gefen Bronx a birnin New York na Amurka, mutanensa ba su kai 5,000 ba, babban titi ɗaya ne ya ratsa shi tun daga gada har bakin ruwa. Shan iskar teku ya kai mu, amma sanyi ya koro mu, sai muka fake a laburaren unguwar.

Wurin ba shi da girma. Abin da ya tsayar da ni shi ne kantocin da aka ware wa littattafan jiragen ruwa: yadda ake ƙera su, yadda ake ɗaura igiya, tarihin matuƙa da taswirorin teku. Dalili kuwa, sana'ar tsibirin ke nan tun kaka da kakanni. A nan aka ƙera wa sojan Amurka jiragen share nakiyoyin ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu, a nan aka ƙera wasu jiragen tsere da suka ci kofi. Yawancin wuraren ƙera jiragen sun rufe, amma jikan maƙeri zai tako da ƙafa daga gidansu ya karanta aikin kakansa.

Ina tsaye a wurin sai Ƙofar Mata ta faɗo min a rai. Karofin nan na Kano ya haura shekara 500 ana rini a cikinsa. Yaron da aka haifa a bakinsa, ina zai je kusa da gida ya sami ko da littafi goma kan baba da toka da yadda shuɗin Kano ya ratsa Sahara? Haka majema, haka maƙera, haka madunka. Ilimin yana ƙirjin dattawa, kuma duk wanda Allah ya karɓi ransa da nasa yake tafiya.

Muna da Laburaren Murtala Muhammad a Kano, babba ne, na yi karatun jarabawa a cikinsa, ina kuma gode masa. Sai dai yarinyar da ke Kurna ko Ɗorayi sai ta nemi kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa, sai kuma an yarda ta yi nisa da gida. A ganina nan muka yi kuskure: mun ɗauki laburare a matsayin katafaren gini guda na ƙawata birni. Su kuwa a nan, tun 1901 attajiri Andrew Carnegie ya ba da dala miliyan 5.2 a gina rassa 65 a unguwannin New York, birni kuma ya ɗauki nauyin gudanar da su. Katin aron littafi kyauta ne, tun 2021 ma an daina cin tarar wanda ya makara da littafi.

Kada wani ya ce min mutanenmu ba sa karatu. Ina yaro yayata takan aike ni wurin mai hayar littattafai a bakin layinmu, teburi ɗaya da akwati, kuma littafi kan zagaya gida biyar kafin ya koma. Wannan ai laburaren unguwa ne, hukuma ce kawai ba ta gane shi ba. Masu cewa waya ta kashe littafi su zo su gani: kowa a nan da wayarsa, amma na tarar da dattijo a gaban kwamfuta ma'aikaciya na taya shi cike takarda, ga yara a ƙasa sun baje littattafai.

Ɗaki ɗaya ya isa, da sola da fanka da benci da amintaccen mai kula. Masu hali a cikinmu suna gina masallatai, Allah ya saka musu da alheri, amma waƙafin littattafai ma sadaka ce mai gudana, kuma shago guda a jikin masallacin unguwa zai ɗauki wannan aiki.

'Yata ta ari littafin ƙulle-ƙullen igiya. Aka ce mata ba sai mun dawo tsibirin ba, ta mayar da shi a reshen da ke kusa da gidanmu. Tun ranar igiyar shanyarmu take ta koyon ƙulli da ita.