Ina yaƙin Tirmini a cikin wasannin nan?

Malam ka ce wai wasan yaƙi in ya bi tarihi sak ba ya daɗi, ni dai ban yarda ba. Eh, yaron da ya biya dala ashirin gidan PlayStation nan Zango ba ya so bindigarshi ta cije ga kuran na iya tafiya kowane lokaci. Amma dubi wasan Battlefield V, sun sa sojojin Afirka da suka yi yaƙi a kudancin Faransa a 1944, wallahi har yara suka riƙa tambaya ashe baƙar fata sun je can? To ina yaƙin Tirmini na 1899, wanda sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ya yi da Faransawa? Dawakai, bindigar toka, ganuwar Birni, wannan kaɗai ya isa wasa guda ba sai an ƙara ƙarya ba.