Kafin ku ba hammata iska a kan wanda za a ɗauka mataimaki

Daren jiya a teburin mai shayin unguwarmu, nan Bauchi Road, sanyin Jos na kaɗawa kowa ya dunƙule cikin rigar sanyi, wasu samari biyu suka kusa ba hammata iska. Abin da ya haɗa su shi ne wa ya kamata gwaninsu mai neman shugabancin ƙasa ya ɗauka mataimaki. Ɗaya ya rantse in ba a ɗauki ɗan addininsa ba ranar zaɓe barcinsa zai sha, ɗayan kuma ya ce yankinsu ne ke da ƙuri'a, don haka kujerar tasu ce ko ana so ko ba a so. Shayinsu ya huce, mai shayi na ta ba su haƙuri kada su kifar masa da tebur. Na yi kusan awa guda ina saurare, ban ji wanda ya tambaya ko mutumin da suke wannan tsiya a kansa zai iya riƙe ƙasar ba. Da na sa baki sai ƙaraminsu ya ce, "Haba Yaya, mataimaki ai safaya taya ne."

To ƙannena, duk direban da ya taɓa yin faci a Hawan Kibo da tsakar dare, ya buɗe but ya tarar safayar ba iska, ya san darajarta.

Tsarin mulkin 1999 bai ɗauki kujerar da wasa ba. Sashe na 142 ya ce takarar shugaban ƙasa ba ta cika sai ya tsayar da abokin takara daga jam'iyyarsa, ƙuri'a ɗaya ce ke zaɓensu su biyu. Sashe na 146 kuma ya ce in shugaba ya rasu, ko ya sauka, ko aka tsige shi, ko lalura ta hana shi aiki, mataimaki ne zai hau. Mataimakin ne kuma ke shugabantar majalisar tattalin arziƙin ƙasa, inda gwamnoni 36 da gwamnan Babban Banki ke zama. Wato ranar da ka dangwala wa gwaninka, ka dangwala wa magajinsa, ko ka san sunansa ko ba ka sani ba.

Da yawanku kuna firamare aka yi abin, bari in tuna muku. A ƙarshen 2006 Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ɗauki gwamnan Bayelsa, Goodluck Jonathan, wanda shi kansa daga mataimakin gwamna ya hau a Disambar 2005 bayan an tsige Alamieyeseigha. A lokacin mutane kaɗan ne a Arewa suka tsaya bincikar ko wane ne, ana ganin namu ne a sama, magana ta ƙare. Ranar 23 ga Nuwamba 2009 aka fita da Umaru jinya Saudiyya ba tare da an miƙa wa majalisa takardar riƙon ƙwarya ba. Ƙasa ta yi fiye da wata biyu ba a san wa ke da ikon sa hannu ba, sai ranar 9 ga Fabrairu 2010 majalisa ta fake da dokar lalura ta ba Jonathan riƙo. Ranar 5 ga Mayu Allah Ya yi wa Umaru rasuwa, Allah Ya jiƙansa. Wanda aka ɗauka don a daidaita lissafin yanki shi ya mulki Najeriya har 2015. Ko kana ganin ya yi ƙoƙari ko bai yi ba, wannan ra'ayinka ne. Abin da nake so ka gani shi ne yadda zaɓin da wasu ƴan tsiraru suka yi a ɗaki ya juya tarihin ƙasa baki ɗaya. Saboda wannan rikicin ne ma aka gyara sashe na 145, aka sa wa'adin kwana 21 na miƙa takardar riƙon ƙwarya.

A jihohi abin ya fi yawa, mataimakin gwamna ya gaji kujerar maigidansa. Namadi Sambo ya tafi Abuja ya zama mataimakin shugaban ƙasa, Patrick Yakowa ya hau a Kaduna, ya rasu a hatsarin jirgi a Disambar 2012, Ramalan Yero ya gaje shi. Mamman Ali ya rasu a 2009, Ibrahim Gaidam ya karɓi Yobe. Nan Filato ma Michael Botmang ya hau a 2006 da aka tsige Dariye.

Ba zan yaudare ku in ce addini da yanki ba sa cikin lissafi ba. Mu mutanen Jos mun fi kowa sanin abin da ke biyo baya in wani ɓangare ya ji an mayar da shi saniyar ware. Doka ma ta tilasta wa ɗan takara ya samu kashi 25 cikin ɗari na ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi, don haka dole ya nemi wanda zai buɗe masa ƙofar da shi kaɗai ba zai iya ƙwanƙwasawa ba. Abin da ya sa Shagari ya ɗauki Ekwueme a 1979 ke nan. Amma daidaito sharaɗi ne na farko, ba shi ne ƙarshen bincike ba. A cikin kowane addini da kowane yanki akwai mai amana, akwai ɗan ci-da-ceto. In kun dage a ɗauki naku, to wanne daga cikin naku?

A garin nan aka yi babban taron jam'iyyar SDP a 1993, Abiola ya yi nasara, ya ɗauki Babagana Kingibe da suka kara da shi, Musulmi biyu, kuma jama'a suka zaɓe su. An soke zaɓen 12 ga Yuni, kafin shekarar ta ƙare Kingibe ya zama ministan harkokin waje a gwamnatin Abacha, Abiola kuwa ya ƙare a tsare. Addini ɗaya bai hana hanya ta rabu ba. A Jos ɗin nan kuma PDP ta tsayar da Obasanjo a 1999, ya ɗauko Atiku da aka riga aka zaɓa gwamnan Adamawa. An yi daidaiton yadda ake so, Kirista ɗan Kudu da Musulmi ɗan Arewa, amma zangonsu na biyu a tonon silili ya ƙare, har sai da Kotun Ƙoli ta ce shugaba ba shi da ikon korar mataimakinsa. Zaman doya da manja a fadar gwamnati talaka ne ke biyan kuɗinsa, domin ma'aikata rabuwa suke yi gida biyu, aiki ya tsaya.

Akwai kuma binciken takardu, wanda ku ƴan Facebook kuka raina don ba ya kawo tsokaci. A Bayelsa, David Lyon ya ci zaɓen gwamna, ana gobe za a rantsar da shi, ranar 13 ga Fabrairu 2020, Kotun Ƙoli ta rushe nasarar saboda matsalar takardun abokin takararsa. Ƙuri'un jama'a duka suka bi ruwa a kan abin da bincike na mako guda zai gano. Yadda ake sallamar wanda ba a ɗauka ba ma fasaha ce. Kun ga yadda aka kwashe a 2022 da Atiku ya ɗauki Okowa, Wike ya yi fushi, gwamnoni biyar suka juya wa jam'iyyarsu baya.

Ni kaina na sha wannan ɗacin, a ƙaramin mataki. A wata ƙungiyar ƴan kasuwa da nake ciki, mun tsayar da shugaba nagari, sai muka ce a ba ɗan wani layi mataimaki don mu kwashi ƙuri'un layinsu. Na san mutumin ba ya iya zama taro ya kai ƙarshe, amma na yi shiru, ni ma na ɗaga hannu. Wata bakwai da rantsarwa shugaba ya kwanta jinya. Littafin adashi ya koma hannun mataimaki, aka fara jin wane ya zuba ba a rubuta ba, wane ya kwasa sau biyu. Wani dattijo mai sayar da dankali ya tare ni a bakin rumfa, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Ɗana, ku kuka kawo mana shi." Na rasa inda zan sa fuskata.

Saboda haka in an fara yawo da sunaye, kafin ka ɗauki waya ka zagi maƙwabcinka, zauna ka duba mutumin. Wane aiki ya taɓa riƙewa, ya bar shi da albashin ma'aikata a biye ko da bashi? Waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa me suke faɗa in ba ya wurin? Ya taɓa zama da wani shugaba suka rabu lafiya? Lafiyarsa fa? In kana da katin jam'iyya, kai waɗannan tambayoyin taron mazaɓarku, ka faɗa a gaban shugaban mazaɓa da daliget, ko da za a harare ka. In ba ka da kati, ka riƙe su har ranar zaɓe.

Su dai samarin nan na daren jiya, da na tambaye su aikin da mutumin nasu ya yi kafin yau, ɗaya ya ce yana ji tsohon sanata ne, ɗayan ya ce a'a, kamar dai minista. Na biya musu kuɗin shayin, na ce su je su bincika, mu haɗu a teburin yau bayan sallar isha'i.