Yaron da haƙora ba su fito masa ba: dashe sai ya girma

A nan Maradi ana yawan faɗin wata magana da ke damuna: wai yaron da aka haifa da lalurar nan ta gado da ake kira ektodamal displaziya, da zarar iyaye sun samu kuɗi sai a dasa masa haƙora a huta. Ban ga laifin iyaye ba. Yaro ga ɗan gashi tsilli-tsilli, haƙora biyu ko uku masu tsini, zufa ba ta fita ko da zafin Afirilu ya haura digiri 40, dole a so maganin gaggawa.

Amma abin da ake dasawa ƙusa ce ta ƙarfen titaniyam, wadda ke manne wa ƙashin muƙamuƙi cikin 'yan watanni. Haƙorin halitta yana tafiya tare da muƙamuƙi idan yana girma, ƙusar kuwa tsayawa take inda aka kafa ta. A dasa wa ɗan shekara 7, kafin ya balaga sai a tarar haƙorin ya nutse ko ya karkace. Ga shi inda haƙori bai taɓa tsirowa ba ƙashin siriri ne, sau da yawa sai an ƙara masa ƙashi tukuna.

Shi ya sa likitoci suke fara ba yaro haƙoran roba na cirewa, ana sauya su yayin da yake girma. Amma wani lokaci akan yi wa yaro dashe da wuri a ɓangaren gaba na muƙamuƙin ƙasa, idan babu haƙori ko ɗaya. Waɗanda aka dasa wa bayan girma galibi suna gamsuwa da tauna da magana, sai dai ƙarancin miyau na sa su riƙa komawa wurin likita ana dubawa.