A Arkashon, teku ce ke tsara wa iyali ranarsu

Da zarar makarantun Faransa sun rufe a farkon Yuli, sai jiragen ƙasa su cika da iyalai masu nufin bakin teku, kuma cikinsu har da namu, 'yan Nijar mazauna can da danginsu da suka je musu hutu. Wanda ya zaɓi Arkashon, wani gari a kudu maso yammacin Faransa, bai yi zaɓen tumun dare ba. Daga tashar Montparnasse ta Paris zuwa Bordo awa biyu ne da 'yan mintoci a jirgin TGV, daga Bordo kuma kamar minti 50 a ƙaramin jirgi. Sai dai yawancin magidanta suna ƙarar da hankalinsu a kan masauki da kuɗinsa, alhali babbar tambayar ita ce wace gaɓa za a kai yara, kuma da ƙarfe nawa.

Ruwa iri biyu ne a wurin. Garin yana bakin wani mashigi da tsirin Cap Ferret ya kare daga tekun Atlantika, don haka gaɓoɓin cikinsa, irin su Pereire da Eyrac, ba su da manyan igiyoyi. Na waje kuwa, kamar Salie da Grand Crohot da Biscarrosse, suna fuskantar teku kai tsaye. Ra'ayina shi ne, iyalin da ke da ƙananan yara, ko manyan da ba su iya iyo sosai ba, su yi wankansu a cikin mashigi, su bar gaɓar waje don kallo da shan iska.

Dalili shi ne abin da mutanen yankin ke kira baïne. Igiyoyi suna tara yashi ya zama dogon tudu a cikin ruwa, kusa da gaɓa, sai wani kwari ya samu tsakaninsu, kamar kududdufi. Ruwansa a kwance yake, ba kumfa, har da ɗan ɗumi. Wanda ya tashi a bakin gulbi ko tafki ya saba da cewa inda ruwa ya kwanta nan ne lafiya, inda yake tafasa nan ne haɗari, shi ya sa uwa za ta kauce wa igiyoyi ta tura yaranta cikin kwarin da hannunta. Amma duk ruwan da igiyoyi suka zubo ta kan tudun dole ya koma teku, kuma ta ƙaramar kafa guda yake fita, da ƙarfin da gwanin iyo ma ba ya iya tare shi. Jan ya fi tsanani a awa uku na ƙarshen janyewar teku da awa uku na farkon cikarta. Wanda ruwan ya ɗauka kada ya yi kokawa da shi don komawa gaɓa, domin gajiya ce ke nutsar da mutum. Ya kwanta rigingine, ya bar ruwan ya tafi da shi, ya riƙa ɗaga hannu ɗaya. Na tudu kuma kada ya faɗa ciki. Ya sanar da masu ceto, ko ya kira 112, ko 196 mai kula da ceto a teku.

Saboda haka takardar farko da ya kamata maigida ya karɓa a ofishin yawon buɗe ido ita ce jadawalin cika da janyewar teku. Sau biyu take cika a kwana guda, kowace tafiya kamar awa shida, kuma lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 kullum, wato tsarin jiya ba zai yi yau ba. Akwai lamba daga 20 zuwa 120 mai nuna ƙarfin cikar teku a gefen kowace rana, kuma idan ta haura 90 ruwa zai hau sosai, ya ja da sauri. A cikin mashigi, awa biyu kafin cika da awa biyu bayanta ne lokacin wanka. Idan teku ta janye, a wurare irin su Andernos sai laka iya ganinka.

Tun 2022 aka sauya tutocin gaɓa. Tutoci biyu masu ja da rawaya su ne iyakar wurin da masu ceto ke sa ido, kuma tsakaninsu kawai ake shiga ruwa, ko da cunkoso. Kore na nufin a shiga, rawaya a yi hattara, ja an hana, shunayya kuma ruwa ya gurɓace ko akwai halittu masu harbi. In babu tuta a kan sanda, babu mai gadi. Tayar roba ba ta maye gurbin hannun uba, iska daga tudu tana iya tura ta can ciki. Ga iyayenmu mata, kotun ƙoli ta harkokin mulki ta dakatar da dokar hana burkini, wato kayan wanka mai rufe jiki, ta garin Villeneuve-Loubet a watan Agustan 2016, kuma kayan wankan da aka ɗinka don ruwa sun fi aminci nesa ba kusa ba a kan abaya ko zani, waɗanda ke shan ruwa su naɗe ƙafa.

Wani zai ce an kashe kuɗin jirgi da masauki, yara kuma igiya suke so, ina amfanin tsare su a ruwan da bai fi na tafki motsi ba? Ba a ce kada su ga teku ba. A kai su lokacin da masu ceto ke bakin aiki, ruwa iya gwiwa, babba ɗaya ga yaro ɗaya. Sannan awannin janyewar ruwa ba asara ba ne, su ne na yawo. Tudun Pilat, tudun yashi mafi tsawo a Turai, ya haura mita 100, kuma ana kafa masa matakala daga bazara zuwa kaka. A hau shi da safe ko da yamma, da takalmi a ƙafa da ruwan sha, don yashin tsakar rana yana ƙona tafin yaro. Sauka zuwa ruwa ta bayansa yana da sauƙi, dawowar ce ke kayar da mutane, domin ta can babu matakala. Kwale-kwale daga gadar Thiers yana kai mutum Cap Ferret cikin kamar rabin awa, inda hasumiyar fitila ke da matakai 258.

Masu son gashin nama su bar gawayinsu a gida. A Yulin 2022 gobara ta cinye kimanin hekta 7,000 na dajin La Teste-de-Buch, har da sansanonin 'yan hutu guda biyar a gindin Tudun Pilat, kuma kunna wuta a cikin wannan daji laifi ne da ake cin tara a kansa.