Kano ta fi Landan kusa da Perth, amma je ka gwada zuwa

Wata Baturiya da muke aiki tare a nan Perth, yammacin Ostareliya, aka kira ta cewa jikin mahaifinta ya yi tsanani a Landan. Da yamma ta hau jirgi, da asuba tana can. Da ta dawo sai ƙorafi take, wai zaman sa'o'i 17 ya karya mata baya. Na yi mata sannu, amma a raina cewa na yi Allah ya ba mu irin wannan wahala.

Jirgin kamfanin Qantas na Ostareliya ne, ƙirar Boeing 787, ya fara wannan hanya a watan Maris na 2018. Kilomita kusan 14,500 ba ya sauka ko'ina. Ku ga yadda suke tafiyar ma: jaka ɗaya, ba ɗan rakiya, ba ƙullin yaji ko kilishin saƙo, na'ura ce ke duba fasfo ta buɗe maka ƙofa. A cikin jirgin ana rage haske a ƙara shi daidai da lokacin garin da za a sauka, don jiki ya fara sabawa tun a sama.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a taswira Kano ta fi Landan kusa da Perth da kusan kilomita 2,000. Amma in zan je gida sai na yi sa'o'i 11 zuwa Doha ko Dubai, in zauna jira, in sake hawa wani zuwa Abuja ko Legas, sannan a fara maganar Kano. Kwana guda cur ba ya isa.

Na san za a ce kasuwa ce, kamfani ba ya tashi da kujeru wayam, kuma mu nawa ne a nan? Gaskiya ne. Amma kar a manta, a Kano jirgin sama ya fara sauka a Najeriya, a 1925. Jiragen da ke tsakanin Turai da Afirka ta Kudu nan suke ya da zango su sha mai, kamfanin jiragen sama na KLM na ƙasar Holland kuwa tun 1947 yake zuwa, sai 2012 ya daina. Da jirage suka iya dogon zango sai suka riƙa wuce mu ta sama, mu kuma ba mu tanadi wani abin da zai sauko da su ba.

Ko da ma an ba mu jirgi kai tsaye, ina amfaninsa ranar da aka fi buƙata? Su a nan gawa na iya yin mako biyu ana jiran dangi su hallara. Mu in an rasu da safe, kafin azahar an kai. Perth na gaban gida da sa'o'i 7, kana tsakar barci waya ta tashe ka, kafin ka gama neman tikiti an dawo daga maƙabarta. Ba na so a jinkirta jana'iza saboda ni, Allah ya kiyaye. Amma in ka yi sa'a, sadakar uku kake riska, mutane na ce maka "ashe ka samu zuwa".