Rufe Tukwanen Niyutiron: Asarar da Ba a Yi Mata Kuka Ba

A cikin shekarar 2019 kaɗai an kashe tukwanen nukiliya uku na bincike a nahiyar Turai, wato JEEP II a ƙasar Norway, da Orphée da ke Saclay kusa da birnin Paris, da BER II a birnin Berlin. Shekara guda kafin nan Kanada ta rufe tata mai suna NRU a Chalk River, wadda take aiki tun 1957. Daga cikin ayyukan waɗannan tukwane, waɗanda ake fasa yuraniyam a cikinsu, akwai samar da ƙwayoyin niyutiron da masana suke harbawa cikin ƙarfe da kiristal da sauran abubuwa domin su ga yadda cikinsu yake. Labarin bai yi amo ba, amma ni ya tsaya mini a rai, kuma ra'ayina shi ne an yi gaggawa, an kuma raina girman abin da aka rasa.

Kafin a gane dalilina sai an san abin da ya bambanta niyutiron da sauran hanyoyin leƙa cikin abu. James Chadwick ne ya gano shi a Cambridge a 1932. Yana zaune a tsakiyar ƙwayar zarra tare da firoton, kuma ba shi da cajin lantarki ko kaɗan. Rashin cajin nan shi ne sirrinsa, domin yana ratsa gajimaren ilektiron da ya kewaye kowace ƙwaya ba tare da an ja shi ko an ture shi ba, sai ya ci karo da cibiyar ƙwayar sannan ya kauce. Idan aka rage masa gudu ta hanyar bi da shi cikin ruwa har ya koma kimanin mita 2,200 a daƙiƙa guda, yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, kuma tsawon igiyar tasa kusan daidai yake da tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin zarra a cikin daskararren abu. Saboda haka idan aka harba tarin niyutiron cikin kiristal, sukan warwatsu a wasu kusurwoyi ƙayyadaddu, kuma daga waɗannan kusurwoyi ake lissafo inda kowace ƙwaya take zaune.

Wani zai ce ai hasken eksire ma yana yin wannan aiki, kuma ya fi araha nesa ba kusa ba. Gaskiya ne, sai dai eksire da ilektiron yake hulɗa, don haka yana ganin abu mai nauyi irin dalma ƙarara, amma haidirojin mai ilektiron ɗaya tak kusan ɓuya yake yi masa. Niyutiron kuwa yana ganin haidirojin da litiyam da oksijin ko da suna maƙwabtaka da ƙarafa masu nauyi. Tun a 1949 Ernest Wollan da Clifford Shull da abokin aikinsu suka yi amfani da shi a Oak Ridge ta Amurka wajen gano mazaunin haidirojin a cikin ƙanƙara. A yau da shi ake bin sawun litiyam yana kai da komo a cikin batir alhali batirin yana aiki, ba tare da an fasa shi ba. Akwai kuma dabarar da take burge ni ƙwarai: haidirojin da ɗan'uwansa mai nauyi, wato diyuteriyam, a wajen haɗa sinadari kusan abu ɗaya ne, amma a idon niyutiron sun sha bamban. Idan mai bincike ya gauraya ruwa na yau da kullum da ruwa mai nauyi, wato mai ɗauke da diyuteriyam a madadin haidirojin, a gwargwadon da ya dace, yana iya ɓoye wani sashe na sinadarin furotin ya bar sashen da yake son gani shi kaɗai a fili.

Inda niyutiron ya yi wa sauran fintinkau shi ne fannin maganaɗisu, kuma a nan nake so in ɗan dakata. Ko da yake ba shi da caji, shi kansa ɗan ƙaramin maganaɗisu ne, kamar allurar kamfas mai tafiya. Idan ya ratsa abu, yana jin alƙiblar da ƙananan maganaɗisun ƙwayoyin abin suka fuskanta. A shekarun 1930 masanin Faransa Louis Néel ya yi hasashen cewa akwai abubuwan da maganaɗisun ƙwayoyinsu suke jere cikin cikakken tsari, amma wannan yana duban sama, na kusa da shi yana duban ƙasa, ta yadda ƙarfinsu yake soke juna, abin ya zama daga waje kamar babu maganaɗisu a cikinsa sam. Ta yaya za a tabbatar da tsarin da ba ya jan ko da ƙusa? Sai a 1949 Shull da Samuel Smart suka sanyaya sinadarin manganis oksaid har ya wuce digiri 150 ƙasa da sifili, suka harba masa niyutiron, sai ga wasu sababbin alamu sun bayyana waɗanda babu su a lokacin da yake da ɗumi. Alamun sun nuna cewa tsarin maganaɗisun yana maimaita kansa ne a ninki biyu na tazarar tsarin ƙwayoyin, kamar dai yadda Néel ya faɗa. Néel ya karɓi lambar yabo ta Nobel a 1970. Duk lokacin da na tuna wannan gwaji nakan ji girman al'amarin, domin an ga abin da babu wani ido ko na'ura da ta taɓa gani.

Aikin bai tsaya nan ba. Bayan an gano sinadaran tagulla da oksijin masu ɗaukar lantarki ba tare da asara ba a 1986, niyutiron ne ya nuna cewa sinadarin asali da ake samo su daga gare shi yana da irin tsarin nan na Néel, kuma shi ya fayyace mazaunin oksijin a cikinsu. A 2009 kuma, a tukunyar FRM II kusa da birnin Munich, an ga maganaɗisu a cikin manganis silisaid sun murɗe sun zama jerin ƙananan guguwoyi, waɗanda ake kira sikamiyon, kuma yanzu ana nazarin ko za su yi amfani wajen adana bayanai. A ɗaya ɓangaren, Bertram Brockhouse ya ƙera na'urar da ke auna ƙarfin da niyutiron ya rasa ko ya samu yayin karo, wadda take bayyana yadda ƙwayoyi suke girgiza. Shi da Shull suka raba Nobel ta 1994, shekara goma bayan rasuwar Wollan. A Chalk River ɗin nan da aka rufe tukunyarta Brockhouse ya yi aikinsa.

To, ga matsalar. Jami'a tana iya sayen na'urar eksire ta ajiye a ɗaki guda, amma niyutiron mai yawa ba ya samuwa sai ta hanya biyu: ko a fasa yuraniyam a tukunya, ko a ingiza firoton da matsanancin gudu a buga shi kan ƙarfe mai nauyi irin zaiba ko tangistin har niyutiron su fallatso. Ba a kuma iya tara shi a ajiye, domin idan ya fita daga cibiyar ƙwaya rayuwarsa kimanin minti 15 ce. Ko a cibiya mafi ƙarfi haskensa rarrauna ne, shi ya sa gwaji guda yake cin kwanaki. Mai bincike yakan rubuta buƙata, kwamiti ya tantance, a ba shi ƴan kwanaki bayan watanni, kuma masu nema sun fi gurbi yawa. Kowace tukunya da aka kashe, kwanakin gwajinta sun tafi ke nan.

Masu kare matakin rufe tukwanen suna nuna babbar cibiyar samar da niyutiron ta ESS da aka fara ginawa a Lund ta ƙasar Suwidin a 2014, wadda aka tsara ta zarce duk na gabanta. Ina murna da ita, kamar yadda nake murna da SNS ta Amurka da ta fara a 2006, da J-PARC ta Japan, da wadda Sin ta buɗe a Dongguan a 2018. Amma ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. An rufe tsofaffin tun sabuwar ba ta ba da niyutiron ko ɗaya ba. Sannan ko ta kammala, ƙarfin haske ba ya maye gurbin yawan na'urori. A ƙananan cibiyoyi ɗalibi yake samun sukunin yin kuskure ya gyara, a can ake gwada sabuwar dabara mako bayan mako kafin a kai ta babban wuri, kuma a can ake tarbiyyar waɗanda za su riƙe manyan na'urorin gobe. Dogaro da wurare ƙalilan kuma yana da haɗari: FRM II ta tsaya a 2020 ta shafe shekaru ba ta aiki, tukunyar NIST ta Amurka ma ta tsaya a 2021 sakamakon lalacewar sandar makamashi, nauyi ya koma kan tukunyar ILL ta Grenoble a Faransa, wadda take aiki tun 1971, da cibiyar niyutiron ta Ingila mai suna ISIS da ta fara a 1984.

Ba na musun cewa wasu rufewar suna da hujja. An rufe JEEP II ne bayan an gano tsatsa a sassan da suka shafi kariya, kuma ba wanda zai so a yi sakaci da lafiyar jama'a. Haka nan damuwar da ake nunawa kan yuraniyam da aka tace sosai, wanda wasu tukwanen suke amfani da shi, damuwa ce ta gaskiya. Abin da nake ƙalubalanta shi ne rufewa ba tare da an tanadi magaji ba, alhali hanyar tana nan. Ana iya gina ƙaramar na'urar ingiza firoton a buga shi kan ƙarfen beriliyam, babu yuraniyam, babu tukunya, kuma kuɗinta bai kama ƙafar na babbar cibiya ba. Cibiyar RIKEN ta Japan tana gudanar da irin wannan tun 2013, masanan Jülich a Jamus kuma sun tsara wata da za ta fi ta ƙarfi. Irin waɗannan ya kamata gwamnatocin da suka kashe tukwanensu su ware wa kuɗi a cikin kasafin shekarar da suka kashe su, tun injiniyoyi da masanan da suka ƙware a Saclay da Berlin da Chalk River ba su watse zuwa wasu fannoni ba.