Ku tambaye ni shirina kafin ku ce ba zan iya ba

Abin da ya faru a ƙofar masallaci ranar Juma'a har yanzu yana ci mini rai, waɗanda ke wurin kuma sun san abin da nake nufi. A kan shirina ne na bin hanyar Appalachian, doguwar hanyar tafiya a ƙafa da ta ratsa dazuzzuka da duwatsu a nan Amurka. Wanda ya yi mini abin dattijo ne, sa'an mahaifina, shi ya sa na sunkuyar da kai. Amma a ce mutum ya zare mini sanda ɗaya a gaban jama'a, ya ɗaga ta sama, ya ce, "Da wannan za ka shiga daji? Ɗana, ka rufa wa kanka asiri, ka zauna inda Allah ya ajiye ka." Aka kwashe da dariya. Na ce, "Baba, na gode," na karɓi sandata. Wallahi har na isa gida jikina bai daina rawa ba.

Ban ce da mugunta ya faɗa ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne bai tambaye ni komai ba. Bai ce kilomita nawa ba, bai ce wane yanki ba, bai ce da wa zan tafi ba. Wata huɗu ina zaune da taswira, shi kuwa kallo ɗaya ya yi wa ƙafata ta hagu ya yanke hukunci.

Tun ina ɗan shekara uku a Kano shan-inna ta kama ƙafar nan. Na fi kowa sanin abin da za ta ɗauka da abin da ba za ta ɗauka ba, mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo. Ban taɓa cewa zan tashi daga dutsen Springer a Jojiya in ɓulle dutsen Katahdin a Maine a tafiya ɗaya ba. Hanyar Appalachian ta kai kusan kilomita 3,500, ta ratsa jihohi 14 na Amurka. Masu ƙafa biyu lafiyayyu kan shafe wata biyar zuwa bakwai a kanta, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne ke kai ƙarshe. Abin da na ce zan yi shi ne zango-zango. In ɗauki guntun da jikina zai iya, in dawo gida in huta, in koma.

Wani ya ce wai guntu-guntu ba tafiya ba ce. To ƙungiyar da ke kula da hanyar, mai hedikwata a Harpers Ferry, ba ta bambanta wanda ya gama a shekara ɗaya da wanda ya gama a shekara ashirin. Mu Hausawa ma ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan. Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙafa ta Chadi da Sudan, ai zango-zango suka yi, su tsaya su yi noma ko ɗinki su tara guzuri, sannan su ɗaura kaya su ci gaba. Wa ya ce aikin hajjinsu bai cika ba don sun daɗe a hanya?

Ga shirin da ba a tambaye ni ba. Mai sanda ba ya fara lissafi da nisa, da irin ƙasar da zai taka yake farawa. Kilomita biyar a shimfiɗaɗɗiyar hanya ta fi mini sauƙi a kan rabin kilomita a cikin duwatsu, kuma gangara ta fi hawa haɗari, domin duk nauyina kan wuyan hannu yake sauka. Shi ya sa na soke arewacin Pennsylvania, inda tsinin duwatsu ya cika hanya. Na soke Mahoosuc Notch a Maine, inda mutane ke rarrafe tsakanin manyan duwatsu. A Bear Mountain da ke jihar New York akwai matakalar dutse fiye da dubu, ba zan hau ta ba. Mota za ta kai ni sama ta Perkins Memorial Drive, a can akwai yankin da aka gyara har mai keken guragu yana bi.

Zangona na farko kusa da garin Pawling ne a jihar New York. Jirgin ƙasa na Metro-North da ke ratsa unguwar Bronx a birnin New York yana da wata 'yar tasha mai sunan hanyar, yana tsayawa a can a ƙarshen mako, daf da ita kuma akwai gadar katako da ta ratsa fadama. Na riga na je gwaji da ƙanena. Na sa tafin hannuna a kan farin fentin nan da ake shafa wa bishiyoyi don nuna hanya, ɗan tsiriri, bai fi tsawon hannun ba, na tsaya na daɗe ban ce komai ba. A ranar na gane robar gindin sandata ba ta kama jiƙaƙƙen katako, na sauya ta da mai faɗi, na sa biyu a jaka. Na gane kantar tafin hannuna na fara zafi bayan awa biyu, na sayi safar hannu irin ta masu keke. Bayan nan sai gadar Pochuck a New Jersey, sai Falls Village a Connecticut. Baɗi, in Allah ya kai mu, Shenandoah a Virginia, inda hanyar ke tafiya kusan kilomita 160 tana ta haɗuwa da titin Skyline Drive. Wannan ne ya sa na zaɓe ta: in ƙafa ta ce ta gaji, kwalta na kusa, ƙanena na jira da mota.

"Idan ka faɗi fa?" Na faɗi a kan ƙanƙarar Bronx, na faɗi a matakalar jirgin ƙarƙashin ƙasa ranar da lifta ta lalace, ba wanda ya ce in daina fita neman abinci. Kowane zango na rubuta inda zan shiga, inda zan fita, da lokacin da in ban kira ba za a biyo ni. Har kaskar dajin nan mai sa cutar Lyme na yi wa tanadi. Bill Irwin makaho ne, ya gama hanyar nan gaba ɗaya a 1990 da karensa ɗan jagora. Emma Gatewood tana da shekara 67 ta gama ta a 1955. Ba na haɗa kaina da su, ina dai cewa kallon jikin mutum ba ya gaya maka iyakarsa. Ka tambaye shi shirinsa. In ka ga ɓaraka ka nuna masa, zan karɓa hannu bibbiyu. Amma tausayin da ke zaunar da mutum a ɗaki ya kashe zuciyar 'yan uwana da yawa, na gani da idona, wasu har yau ba sa fita sai da dare.

Kuma tunda a ƙofar masallacin aka yi maganar, bari in faɗa. Matakala shida ce a wurin, kullum sai na ƙirga su. Akwai wani ɗan uwanmu mai keke da ke sallar Juma'a a bakin titi, ko ana ruwa ko ana sanyi, sai in an samu samari huɗu su ciccibe shi. A gida ma haka abin yake, alhali tun Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya a Najeriya, aka ba gine-gine shekara biyar su gyara, wa'adin kuma ya wuce. Na yi magana da wani kafinta ɗan Agadez, ya ce zai yi gangaren katako a kwana biyu, ba zai karɓi ladan aiki ba, kuɗin katako kawai. Wanda ke cikin kwamitin masallaci ya yi mini magana kafin Juma'a mai zuwa, don Allah.